Tankin ƙasa na akwariyam ɗin ruwan gishiri: ƙarami zai isa a Garwa ko sai babba?

Sani_Rumde
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ina neman shawararku kafin in ba mai gilashi kuɗi. Na samu akwariyam mai tsawon 120 cm, faɗi 50, tsayi 50, lita 300 ke nan, an riga an huda shi rami biyu a kusurwar baya, kuma ruwan gishiri nake so in yi, kifi biyu uku tukuna, murjani masu laushi daga baya in Allah ya yarda. Cikin kabad ɗin da zai zauna a kai 110 ne da 42, tsayi 65. Mai gilashi ya ce zai haɗa min tankin ƙasa, dekant ɗin nan da ke zama cikin kabad, ruwan babban tanki na gangarowa cikinsa famfo na mayar da shi sama, ko 60x30x35 ko 90x40x40, kuma kuɗin babban ya kusa ninka na ƙaramin. Na ga wasu na cewa kashi 20 cikin ɗari na babban tanki ya isa, to ƙaramin lita 63 ne, ya cika kashi 20 ɗin har da ɗori. In tsaya a ƙaramin in sa sauran kuɗin a gishiri da famfo? A Garwa nake, kun dai san wutarmu da zafinmu.

Abba_Kusiri
Wslm. Babban kawai Malam Sani, duk abin da kabad zai iya haɗiyewa shi za ka sa.

Injiniya_Bello
Wa alaikumus salam. Malam Sani ka ajiye maganar kashi 20 ɗin nan a gefe tukuna, waɗanda suka kawo ta ba su san a ɗauke wuta sau uku a wuni ba. Lita 63 da kake ƙirgawa ai sai an cika tankin har baki, kuma ba a cika tankin ƙasa, rabinsa ruwa ne rabinsa fili ne da ke jiran ruwan da zai sauko lokacin da famfo ya tsaya. Wannan filin shi ne ainihin abin da kake saya.

Ga yadda za ka lissafa. Saman tankinka 120 sau 50, wato duk 1 cm da ruwa ya sauka a sama lita 6 ce ta gangaro ƙasa. Famfo na aiki ruwa yana ɗan hawa sama da bakin makwarara, wato inda yake zubowa ya bi tiyo zuwa tankin ƙasa, yana tsayawa kuma sai ya sauka har ya daidaita da bakin, a ce 3 cm, lita 18 ke nan. Ka ƙara ruwan da ke cikin tiyo, ka ƙara wanda ke cikin injin kumfa mai cire datti daga ruwa, ekimer, don shi ma wuta na ɗaukewa yake sakin nasa, ka kusa lita 23 ko 24. Yanzu koma kan ƙaramin: 60 sau 30, duk 1 cm lita 1.8 kawai yake ɗauka. In ruwan aiki ya tsaya a 20 cm saura 15, lita 27. Ka ga tsakaninka da ambaliya yatsa biyu ne, kuma wannan in komai ya tafi daidai ke nan. Babban kuwa duk 1 cm lita 3.6 ne, ruwan aiki a 20 cm lita 72, fili lita 72, ko an ɗauke wuta kana masallaci hankalinka kwance.

Dan_Domayo
Injiniya ka manta da babban ɓarawon, tiyon da ke mayar da ruwa sama. In bakinsa yana nutse cikin ruwa 5 cm, famfo na tsayawa sai ya koma sifon ya riƙa zuƙo ruwa baya har sai bakin ya sha iska. 5 sau 6, lita 30, ba 18 ba. Ƙaramin tankin nan ba zai ɗauka ba wlh. Na gani da idona a gidan wani abokina nan Marwa, an ɗauke wuta da rana ba kowa a falo, da suka shigo kafet ya jiƙe sharkaf, bayan ya bushe gishiri ya fito fari fat a kan tayil har ƙarƙashin kujeru, ƙafafun kabad ɗin katako suka kumbura. Abin da ya fi ba ni tsoro ma rallonj ɗin wuta a ƙasa yake cikin kabad ɗin.

Injiniya_Bello
Gaskiyarka @Dan_Domayo, shi ya sa na ce in komai ya tafi daidai. Bakin tiyon mayarwa kada ya wuce 1 zuwa 2 cm ƙarƙashin ruwa, ko a huda ƙaramin rami a jikinsa dab da saman ruwa don ya sha iska da wuri ya karya sifon.

Hamza_Plombiye
To me zai hana a sa klape kawai a tiyon, mai hana ruwa komawa baya? Muna sa shi a forage kullum, ruwa ba ya dawowa. Sai ya ɗauki ƙaramin tanki ya huta.

Maman_Ikram_Njamena
Malam Hamza ruwan forage daban na gishiri daban. Cikin tiyon akwariyam abubuwa ke tsirowa, 'yan tsutsotsi masu gidan alli, gansakuka, wani lokaci ƙaramin dodon koɗi ya shige, abu ɗaya ya maƙale a bakin klape shi ke nan ba zai rufe ruf ba, ruwa zai ta zurara a hankali kai kuma kana ganin kana da kariya. Har ramin da Injiniya ya ce a huda shi ma gishiri da gansakuka na toshe shi, ni duk Juma'a da tsinken sakace nake buɗe nawa. A sa su ba laifi amma a yi lissafin tanki kamar babu su. Kuma don Allah in za ka taimaka masa da haɗin tiyo ka ajiye bawul ɗin tagulla da jan ƙarfe a shago, PVC zalla, jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande.

Hamza_Plombiye
Na gode Hajiya, wannan ta jan ƙarfe na riƙe ta. PVC akwai, 32 da 40 na saukar ruwa, 20 ko 25 na hawa, duk ana samu a kasuwa.

Kawu_Iliya
Ni tambayata daban ce yarana. Binuwai na bakin ƙofarku, ga karfasa ga tarwaɗa ga ƙananan kifaye masu kyau iri iri, me ya kai ku ruwan teku da ke can Kiribi? Gishirin ma sai an sayo daga Duwala. Ba hana ku nake ba, ina so in gane ne.

Sani_Rumde
Kawu Allah ya ƙara girma, na yi shekaru da na ruwan daɗi, har yanzu akwai shi a zaure. Amma wanda ya taɓa tsayawa gaban tankin teku ya ga murjani na buɗewa da safe in fitila ta kama, ya ga kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane yana shige da fice, zai gane. Sha'awa ce kawai Kawu, kuma na san tana da wahala shi ya sa nake tambaya tun kafin in zuba ruwa.

Aminatu_Yelwa
Afuwan in katse ku, gishirin girki ba zai yi ba ne? Ko a haɗa da kanwa tunda ita ma daga tabki take?

Maman_Ikram_Njamena
A'a ƙanwata, ko kusa. Gishirin girki abu ɗaya ne kusan zalla, ruwan teku kuwa akwai kalsiyam wajen miligiram 420 a lita, magniziyam wajen 1300, da sauran abubuwa da yawa, kowanne da ma'auninsa. Gishirin akwariyam na buhu ko na bokiti shi ake saya a dama da ruwan osmos, wato wanda inji ya tace ya cire masa gishiri da datti, har ya kai giram 35 a lita, a ma'auni za ki ga 1.025 zuwa 1.026. Kanwa kam ki bar ta a miya.

Bari in dawo kan tambayar Malam Sani don akwai abin da ba a taɓo ba kuma a wurina ya kai maganar wuta muhimmanci, wato ƙafewar ruwa. Mu nan Njamena daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce 40, Garwa ma haka, kifin teku kuma tsakanin 24 da 27 yake so. Wanda ba shi da injin sanyaya ruwa fanka yake ɗorawa tana hura saman ruwa, kuma tana aiki sosai, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa iska na busarwa, amma kuɗin da za ka biya shi ne ruwa zai riƙa tafiya. Nawa tankin bai kai naka ba amma da fanka a bazara lita 5 na tafiya a wuni ba wasa, da hunturu ma iskar a bushe take tana sha. To abin da sabon shiga bai sani ba shi ne ruwan tankin sama ba ya sauka ko kaɗan, a tankin ƙasa kuma da ake rabawa ɗaki ɗaki, ɗakin ekimer ma ba ya sauka saboda gilashin da ya raba su yana riƙe shi, duk ragin a ɗaki ɗaya yake bayyana, ɗakin ƙarshe inda famfo yake. A tanki 60x30 in ka cire wurin ekimer da wurin saukar ruwa ɗakin famfo zai rage maka wajen 15 da 30, duk 1 cm ko rabin lita bai kai ba, lita 5 ta tafi ruwa ya sauka 11 cm, ka fita da safe ka dawo da magariba ka tarar famfo na shan iska yana watsa kumfa a tanki, in ka kwana a Pitowa ranar kasuwa kuma sai ka sayi sabon famfo.

Usmanu_Baladji
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari a kai, ruwa ne kawai ke tashi gishiri na nan, in duka ruwanka lita 320 ne ka rasa 15 ba ka mayar ba gishirin ya tashi daga 35 ya kusa 37. Kuma da ruwan osmos mara gishiri ake cikawa, kada a cika da na gishiri. Mu a Ngaundere zafi bai dame mu kamar ku ba, muna kan tudu, da hunturu ma hita nake kunnawa da dare. In za ka sa hita ka sa ta a ɗakin da ruwansa ba ya sauka, ba ɗakin famfo ba, in ta fito daga ruwa tana kunne fashewa take.

Abba_Kusiri
To ai maganata ce ta dawo, babban, a yi ɗakin famfo ƙato ya ɗauki kwana uku.

Injiniya_Bello
A nan kam ban bi ka ba Malam Abba. Ambaliya ta hanya biyu take zuwa, mun yi maganar ta ƙasa, akwai ta sama. A ce tiyon saukar ruwa ya toshe, dodon koɗi ya shiga ko wani abu, famfo bai sani ba zai ci gaba da tura duk ruwan ɗakinsa sama. Tankin Malam Sani in filin da ke tsakanin ruwa da baki 3 cm ne lita 18 kawai zai ɗauka. Ɗakin famfo 20x40 da ruwa 20 cm lita 16 ne, kuma famfo ba ya shanye na ƙasa ƙasa, to ba zai malala ba. Ka mai da shi 35x40 ya zama lita 28, ta sama za ta zubo. Don haka ɗakin famfo matsakaici ake yi, maganin ƙafewa kuma jarka ce ta ruwan osmos a gefe da osmolater, ɗan na'urar nan mai ƙaramin famfo da ke ƙara ruwa da kansa in ya ga ya sauka.

Kuma tunda ramukanka biyu ne Malam Sani, shawarata duka biyun su zama na saukar ruwa, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana bakinsa sama kaɗan a bushe, tiyon mayarwa kuma ya hau ta bayan tanki ya leƙo ta baki. Da yawa suna mai da rami na biyu na hawan ruwa don kyan gani, ni ban so.

Dan_Domayo
To ga matsala, in ya sa 90 a cikin 110 saura 20 cm, jarkar lita 20 za ta shiga kuwa? Ga wayoyi ga su transfo na fitila. Ni a ganina kada ya bi ɗaya daga cikin biyun da mai gilashi ya faɗa, ai ba a shago aka ƙera su ba yankawa zai yi, ya ce masa 80x40x40. Lita 128, duk 1 cm lita 3.2, ko lita 35 ta sauko 11 cm kawai zai hau, kuma ya bar 30 cm a gefe na jarka. Wayoyin wuta kuma a ɗaure su sama a bangon kabad ko ma a waje gaba ɗaya, tururin gishiri na cin su.

Usmanu_Baladji
80 ɗin na yarda amma tsayin 40 fa? Kabad 65 ne, saura 25 cm tsakanin bakin tanki da rufi, hannunka da kofin ekimer duk ta nan za su bi, kuma kofin nan duk bayan kwana biyu uku sai ka ciro shi ka zubar da baƙin ruwan nan mai wari. In wurin ya matse za ka riƙa jin nauyin yi, in ka daina yi kuma ekimer ya zama ado. Ni 35 zan ce. 80x40x35, ruwa a 20, saura 15 cm lita 48, ya isa.

Maman_Ikram_Njamena
Kafin ku yanke 35 ko 40, Malam Sani ka riga ka sayi ekimer ɗin? Don shi ke faɗin zurfin ruwa, kowane iri da nasa a rubuce a takardarsa, da yawa tsakanin 15 da 20 cm suke so amma akwai masu son fiye da haka. In naka na son 24 to 35 ya yi kaɗan. Ka sayi ekimer ko aƙalla ka san faɗin gindinsa da tsayinsa sannan a liƙa gilasan rabo, kada a liƙa sannan a zo ana neman wanda zai shiga.

Sani_Rumde
Ban saya ba tukuna Hajiya, wani ɗan'uwa zai taho min da shi daga Duwala, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan mota. Zan ce ya turo min hoton kwalin da ma'aunin kafin ya biya. Wlh na ƙaru sosai, ƙaramin dai na cire shi a raina. Famfon mayarwa fa wane girma? Wani ya ce min in sa mai lita 5000 a awa wai ruwan teku na son motsi.

Injiniya_Bello
5000 ya yi yawa. Motsin da murjani ke so famfunan cikin tanki ne ke bayarwa, waɗanda ake mannawa a gilashi da maganaɗisu. Wanda ke ƙasa aikinsa ya zagaya da ruwa ta dekant sau 4 ko 5 na girman tanki a awa, wato lita 1200 zuwa 1500 da ke isa sama a zahiri. Lambar da ke kan kwali ta famfon da bai ɗaga ruwa ko'ina ba ce, kai kuma zai ɗaga fiye da mita ɗaya ga lanƙwasar tiyo, to mai 2000 zuwa 2500 ya yi. Babban famfo yana ƙara tsayin ruwa a kan makwarara, wato ƙarin ruwan da zai sauko in wuta ta tafi, ga ƙara, ga kumfa da ba ta samun lokacin fashewa, sannan duk wat ɗin da yake ci zafi yake zama a cikin ruwanka, a Garwa kuwa ba ka neman ƙarin zafi.

Musa_Solar
In zai samu mai 24 volt ya fi, ana rage masa gudu kuma yana da sauƙin haɗawa da batir. Amma ni in batir ɗaya ce gare ka famfon cikin tanki zan ba, ba na ƙasa ba. Tankin ƙasa zai iya zama awanni a tsaye, kifi ne ba za su jure ruwa mara motsi ba, ruwan gishiri ba ya riƙe iskar shaƙa kamar ruwan daɗi kuma in ya yi ɗumi ya ƙara raguwa. Ko ɗan injin iska mai pil ka ajiye kusa.

Kawu_Iliya
Na ji bayaninka Sani, Allah ya ba da sa'a. Abu ɗaya zan ce a matsayina na wanda ya yi aikin katako, ku kuna ta lissafin lita ni nauyi nake ji. Ruwa 300 kilo 300 ne da ɗoriya, ga duwatsu ga gilashin kansa ga na ƙasa, kun doshi rabin tan. Katakon ƙasan kabad ɗin nan a duba shi, kuma a shafe shi da fenti mai hana ruwa. Sannan ka auna ƙofar kabad ba cikinsa kawai ba, in akwai sanda a tsakiyar ƙofofi tanki mai 80 ba zai shiga ta gaba ba, sai dai a zura shi ta gefe ko ta sama kafin a ɗora babban.

Aminatu_Yelwa
Ni ina ta karantawa ina koyo. Wannan ciyawar da ake sawa a tankin ƙasa da fitila fa, dole ce? Na ga wasu suna ware mata ɗaki guda.

Usmanu_Baladji
Ba dole ba ce, keto ake ce mata, tana shan nitrat da fosfat tana girma kana yankewa kana zubarwa. A tanki 80 in aka cire 30 na ekimer da 20 na famfo da wurin saukar ruwa da gilasan kama kumfa, abin da zai rage mata kaɗan ne. A 90 za ta samu wuri. Shi ya sa ban ce Malam Abba ya yi kuskure gaba ɗaya ba, in jarkar osmos za ta iya zama a waje bayan kabad to 90 ɗin ma hanya ce.

Abba_Kusiri
Yauwa. Jarka a waje, labule ya rufe ta, shi ke nan.

Maman_Ikram_Njamena
Mai yara ƙanana a gida ba ya barin jarka da waya a waje Malam Abba. Ko wanne dai ka zaɓa Malam Sani, ka gaya wa mai gilashi silikon na akwariyam zai sa, ba na banɗaki mai maganin fumfuna ba, ka bar shi ya bushe sosai, ka cika shi da ruwan famfo a tsakar gida ya kwana ka ga ko yana yoyo. Ranar haɗawa kuma da ruwan daɗi za ka fara gwaji kafin ka ɓata gishiri: ka kunna komai, ka toshe ramin sifon da yatsa ko sikoc, ka zare wuta, ka tsaya da bokiti kana kallo har ruwan ya daina hawa. Inda ya tsaya ka ja layi da maka. Sannan ka mayar da wuta ka ja wani layin a ɗakin famfo, wannan shi ne iyakar cikawarka har abada, duk wanda zai ƙara maka ruwa in ka yi tafiya ka nuna masa layin.

Sani_Rumde
Na je na auna yanzu Kawu, akwai sandar a tsakiya, kowace ƙofa 50 ce, amma da sukurori aka ɗaure ta ana iya kwancewa kafin a ɗora nauyi. Na fi karkata ga 80x40, tsayin kuma sai hoton ekimer ya zo. Maigidan da nake haya ba zai so ganin jarka a falo ba balle uwargida.

Dan_Domayo
In ka kwance sandar nan ka tabbata ka mayar kafin ka zuba ruwa a sama, kuma ka sani daga ranar tankin ƙasa ba zai sake fita ba sai an sauke komai. Ni da 40 zan tsaya, 5 cm ɗin nan lita 16 ne na fili.

Usmanu_Baladji
Lita 16 da ba zai taɓa bukata ba in bakin tiyonsa na sama. Malam Sani in hoton ya zo ka sa mana nan, har da tsayin kofin, mu gani ko zai fita a 25 cm.